Dasashina yana ja da baya, saiwar haƙori ta fito waje

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema a kan wani abu da ya dame ni. Kusan wata huɗu ke nan, in na kurɓi ruwan sanyi sai in ji wani abu ya tsirga mini daga fiƙata ta sama ta hagu har cikin kai, kamar an soka allura. Da farko na ɗauka kogo ne. Shekaranjiya na ɗauki madubi na tsaya bakin taga na ɗaga leɓe. Ban ga kogo ba, amma abin da na gani ya fi ba ni tsoro: naman da ke riƙe da haƙorin ya ja sama, haƙorin ya fi 'yan uwansa tsawo, wajen da ya buɗe kuma ya yi rawaya-rawaya. Da na sa farce sai na ji ɗan kwarmi a gindinsa kamar an fafe da wuƙa. Guda biyu na kusa da shi su ma sun fara.

Abin da ya ɗaure mini kai, ni ba mai wasa da baki ba ce. Sau uku nake gogewa a rana, kuma da gangan nake sayen buroshi mai tauri, don mai laushi ba na jin ya wanke. Duk Juma'a ina daka gawayi da gishiri in dirje. Shekarata 34. Babu jini, babu wari. To me ya kawo wannan? Kuma naman yana dawowa?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ki samu bagaruwa ki dafa, in ta huce ki riƙa kurkure baki safe da yamma, tana ɗaure dasashi. Haihuwarki nawa? Don mu a wajenmu an san ciki yana cin haƙori, jariri daga jikin uwa yake zuƙe ƙarfin ƙashinsa.

Maman Ilham:
Amin Hajiya, na gode. Uku ne, na ƙarshen ma ya shekara huɗu.

Baban Sadiq:
Ai ba sai an je nesa ba, buroshi ne da makilin. Kakana ya wuce shekara 80 yana shan rake da haƙoransa, bai taɓa sa roba a baki ba, aswaki ne kawai. Mu da muka rungumi kayan kanti ga shi tun muna talatin muna kuka da ruwan sanyi. Ki jefar da buroshin nan ki koma sunna, za ki ba ni labari.

Likitar Haƙori:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ba zan yanke hukunci ba tare da na duba bakinki ba, amma yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da nake gani kusan kullum a wajen aiki. Bari in tambaye ki abu biyu tukuna. Da hannun dama kike riƙe buroshi? Kuma buroshinki sati nawa yake yi kafin gashinsa ya baje?

Maman Ilham:
Da dama ne Likita. Ba ya wuce sati uku ya baje kamar tsohuwar tsintsiya.

Likitar Haƙori:
To kin ba ni amsa. Buroshi ya kamata ya kai wajen wata uku. Wanda ya baje cikin sati uku, ƙarfin hannu ne ya yi yawa. Mai riƙewa da dama kuma ya fi danne ɓangaren hagu, fiƙa ita ce ta fi turowa gaba a kwanar baki, ƙashin da ya rufe saiwarta ta waje siriri ne, shi ya sa ita ke fara shan wahala.

Ga yadda abin yake. Haƙori kashi biyu ne. Akwai kan da muke gani, wanda farin ɓawo ya lulluɓe, kuma babu abin da ya kai wannan ɓawo tauri a jikin ɗan Adam. Sai saiwa, wadda ke cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta. Saiwa ba ta da wancan ɓawon. Abin da ya rufe ta ɗan siriri ne, da ta fito fili buroshi zai kankare shi. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani, suna kaiwa har jijiyar haƙori. Su ne ruwan sanyi ke taɓawa ki ji allurar nan. Rawayar da kika gani ba dauda ba ce, launin saiwa ke nan, don haka kada ki ce za ki dirje ta ta yi fari. Kwarmin da farcenki ya shiga kuma aikin gawayi da gishiri ne tare da buroshi mai tauri.

Ki duba katangar ƙasa da ruwan indararo ke zuba a gindinta. Ba damina ɗaya ke cinye ta ba, a hankali ƙasar ke zaizayewa har a wayi gari tushe ya bayyana. Naki indararon sau uku yake zuba a rana, shekara da shekaru.

Amma ku lura, wannan hanya ɗaya ce. Akwai ta biyu, wadda ta fi yawa kuma ta fi haɗari, ita kuma rashin gogewa ne ke kawo ta. Wannan dauda mai yauƙi da kake ji da harshe in ka tashi daga barci, ƙwayoyin cuta ne cike da ita. In aka bar ta a bakin dasashi, cikin 'yan kwanaki sai ta fara daskarewa ta zama kamar ƙanzo a gindin tukunya, buroshi ba ya iya fitar da ita kuma. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa. A wannan mataki ana warkewa sarai. In aka ƙyale, kumburin ya gangara ƙasa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwa, nama ya bi ƙashi ya sauka, haƙori ya fara girgiɗi. Mai wannan zai ga jini, wari, wani lokaci har mugunya. Ke kin ce ba ki da ko ɗaya, shi ya sa na fi karkata ga ta farko.

Baban Sadiq:
Likita ai kin gaskata ni ke nan. Buroshi ne ya yi mata illa.

Likitar Haƙori:
A'a Baban Sadiq, hannu ne. In ta ɗauki wannan hannun ta kama aswaki da shi, wuri ɗaya za a koma. Ina ganin dattawa da ba su taɓa riƙe buroshi ba, haƙoransu na gaba na sama duk saiwa a waje, saboda aswaki yana bakinsu tun daga asuba har hantsi suna dirzar wuri ɗaya. Kakanka kuwa, ka tuna bai tashi da lemon kwalba da alawa da shayi mai cokali huɗu na suga ba. Kuma sa'o'insa da haƙoransu suka zube tun suna hamsin ba a cika ba da labarinsu ba.

Baban Sadiq:
Gaskiya ban ji daɗin wannan magana ba. Abin da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar a kai ba zai zama cuta ba. Ku likitoci duk abin da ba daga Turai ya zo ba sai kun nemo masa aibi.

Likitar Haƙori:
Allah ya huci zuciyarka. Ni kaina akwai aswaki a jakata, da shi nake amfani kafin azahar da la'asar a wajen aiki. Aswaki yana wanke baki sosai in an iya riƙe shi, wannan ba a jayayya a kai. Binciken da ya nuna masu yawan amfani da shi sun fi samun janyewar dasashi ma ba a Turai aka yi ba, a Saudiyya aka yi tun farkon shekarun 1990. Yadda ake yi da shi ne abin dubawa: busasshen icce da ba a jiƙa ba, kai ɗaya da aka shafe sati ba a datse ba, danna da ƙarfi, da daɗewa a wuri guda. Sannan gashin aswaki a miƙe yake da sandarsa, yana isa fuskar haƙoran gaba cikin sauƙi, amma bayan haƙora da turame na can ciki sai mutum ya yi da gaske. Sai ka ga gaba an dirje har nama ya gudu, baya kuma ƙanzo ya taru.

Malam Na Tudun Wada:
Baban Sadiq ka yi haƙuri, maganar Likita ba ta ci karo da sunna ba. Hadisi ya inganta cewa ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da Annabi (SAW) ya umarce su da aswaki a kowace salla. Babu mai musun falalarsa. Amma ka tuna hadisin Nana A'isha (RA) a jinyar ƙarshe ta Annabi (SAW), lokacin da ɗan uwanta Abdurrahman ya shigo da aswaki a hannu. Ta karɓa ta tauna shi, ta tausasa shi, sannan ta miƙa masa. Tausasawa na cikin abin da aka koya mana. Malaman fiƙihu ma sun so a yi da icce mai laushi, wanda bai bushe ƙayau ba, wanda ba ya ji wa baki ciwo.

Sai dai Likita ina da tambaya. A littattafan fiƙihu an ce a goga haƙora a kwance, harshe kuma a tsaye, dalilin da suka bayar shi ne kada a fasa dasashi. Ku kuma na ji kuna hana gugar kwance. Yaya za a haɗa?

Likitar Haƙori:
Allah ya gafarta Malam, manufar ɗaya ce, kada a ji wa nama ciwo. Abin da muke hanawa shi ne jan buroshi daga wannan kusurwar baki zuwa waccan da ƙarfi kamar mai yanka katako da zarto. Abin da muke koyarwa, a ɗora gashin a karkace inda haƙori ya haɗu da nama, a ɗan motsa shi kaɗan-kaɗan a kan haƙori biyu ko uku, sannan a share daga nama zuwa bakin haƙori, a matsa gaba. Wanda ya turo aswaki daga ƙasa ya doki dasashin sama, shi ma ya yi ɓarna, kuma ina jin irinsa malamai suka guje wa.

Baban Sadiq:
Na ji maganar Malam. Amma ni dai ina nan a kan aswakina.

Malam Na Tudun Wada:
Ka zauna a kai, Allah ya ba da lada. Ka dai riƙa jiƙa shi kana datse kan.

Nas Ummi:
Bari in koma kan maganar Hajiya ta ciki, don a ɗakin awo kullum sai na ji ta. Hajiya ki gafarce ni, jariri ba ya zuƙe komai daga haƙorin uwa. Abin da ke faruwa, sinadaran jikin mai ciki suna canzawa, sai ya zama daudar da dasashi yake jurewa a da yanzu tana kumbura shi. Ga laulayi, wata ko warin makilin ba ta so, sai ta yi watanni ba ta goge baki da kyau ba. Ga amai, ruwan ciki kuma tsami gare shi, yana cin ɓawon haƙori. Da ta ga jini a buroshi sai ta tsorata ta daina gaba ɗaya, alhali jinin nan cewa yake yi a ƙara tsabta a hankali. In aka jera ciki biyar a haka, dole a ce ciki ya ci haƙori. Mai ciki tana iya zuwa a wanke mata haƙora, ba ya taɓa jariri. In ta yi amai ta kurkure da ruwa, ta jira kamar rabin awa kafin ta sa buroshi.

Sai masu ciwon suga. Wallahi ina jin takaicin yadda muke duba musu ƙafa da ido mu manta da baki. Suga in ya hau, ciwon dasashi yana saurin cin ƙashi, shi kuma kumburin dasashi yana ƙara hana suga sauka. Mahaifina sai da haƙoransa biyu na ƙasa suka fita da kansu, babu kogo ko ɗaya a jikinsu, sannan aka gano yana da suga. Na ajiye su a ƙyalle na kai wa likita, farare ƙal, lafiyarsu lau, abin da ke riƙe da su ne ya ƙare. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da ciwon dasashi mai tsanani, kusan kashi 19 cikin 100 na manya. Ba ƙaramin abu ba ne, shiru kawai yake yi.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. To 'yata na ji. Mu haka muka taso muka ji iyaye suna faɗa. Amma bagaruwar fa? Ni na ga amfaninta.

Likitar Haƙori:
Hajiya bagaruwa tana da ɗaurin baki, tana sa nama ya ɗan tsuke, jini ya ragu na ɗan lokaci. Ruwan ɗumi da gishiri ma yana lallashin kumburi. Ban hana kurkurawa ba. Amma ba sa fitar da ƙanzon da ya daskare a ƙarƙashin nama, kuma ba sa dawo da naman da ya tafi. Tsorona kada jini ya tsaya mutum ya ce ya warke, ƙashi kuma yana ci gaba da narkewa.

Direba Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, Maraɗi zuwa Kwatano. Ina shan sigari, ba zan ɓoye ba, shekara kusan 20. In barci ya matsa mini a hanya kuma ina cusa garin taba a leɓen ƙasa. Haƙorana na ƙasa na gaba sun yi tsawo, guda yana motsi kaɗan, amma ban taɓa ganin jini ba ko sau ɗaya. Tunda Likita ta ce mai cutar yana ganin jini, ke nan nawa ba ita ba ce?

Likitar Haƙori:
Wa alaikumus salam Malam direba. Naka ne ya fi tayar mini da hankali a duk zancen nan. Taba tana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, sai ya kasance cutar tana ci amma ba ta nuna jini. Ta ɗauke maka ƙararrawar da ke tashin sauran mutane. Haƙorin manya in ya fara motsi, galibi ƙashi ne ya ragu. Garin tabar kuma daidai inda kake ajiye shi nan nama ke ƙonewa ya sauka, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo kansar baki. Ka ja leɓenka ka duba da fitilar waya. In ka ga farin tabo da ba ya gogewa, ko gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba, kada ka jira a gama lodi. Ko ba ka ga komai ba, ka je a yi maka hoton haƙoran a ga ƙashin da ya rage. Sau da yawa ana ceto mai motsi kaɗan in an zo da wuri, amma aikinmu ba ya kamawa sosai a bakin da hayaƙi ke shiga kullum.

Direba Ɗan Maraɗi:
Na duba yanzu a tasha. Wajen ya yi fari-fari ya tattare kamar yatsan da ya daɗe a ruwa. In na sauke kayan nan zan je likita in sha Allah. Barin sigarin ne aiki.

Nas Ummi:
Yaya ka fara da barin ta leɓen yau ɗin nan. In barci ya zo ka faka ka kwanta, ya fi maka ta kowace fuska. Allah ya kai ka gida lafiya.

Alhaji Mai Goro:
Ni tsoron asibitin haƙori nake. Ƙanena ya je aka yi masa wankin haƙori da injin nan mai ƙara, ya dawo haƙoransa duk sun buɗe, iska tana shiga, ga tsami in ya sha ruwa. Kafin ya je a haɗe suke. Wannan ba su ne suka kankare masa nama ba? Sannan a gaya mini gaskiya a kan goro, don sana'ata ce kuma abincina ne.

Likitar Haƙori:
Ranka ya daɗe, wannan ita ce maganar da ta fi hana mutane zuwa wajenmu, don haka bari in tsaya a kanta. Abin da ya haɗe haƙoran ƙanenka ba nama ba ne, ƙanzo ne. Bayan haƙoran gaba na ƙasa nan ne yawu ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe, nan ya fi taruwa, har ya zama kamar an yi wa haƙoran filasta ta baya. Shekaru yana zaune yana tura nama ƙasa yana cike gurbin. Ranar da aka fasa shi sai ramin da ya daɗe da yi ya bayyana. Ga shi kuma naman da ke kumbure yana sacewa in ya samu lafiya, sai ya ƙara zama kamar ya ja baya. Injin ba ya yanka nama kuma ba ya cin haƙori, karkarwa yake yi da ruwa ya farfasa ƙanzon. Tsamin yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Na san ba daɗi mutum ya ga wushiryar da ba a haife shi da ita ba. Amma da an bar ƙanzon, giɓi za a samu a wajen.

Goro yana rina haƙori, wannan kowa ya sani. Abin da na fi gani yana cutar da dasashin masu cin goro shi ne abin da ke biyo baya: sakace da tsinken tsintsiya, da ashana, da fil, har da bakin reza na taɓa gani. Kullum ana soka wuri ɗaya, ɗan naman da ke tsakanin haƙora ya mutu, rami ya buɗe, goro ya ƙara samun wajen maƙalewa, a ƙara sakace. Akwai zaren sakace da ƙananan buroshi na tsakanin haƙora a manyan kantunan magani, su ne suka dace. Iyayenmu mata masu haɗa goro da furen taba su goga don baki ya yi ja, su ma su sani taba ce.

Alhaji Mai Goro:
To haƙorin Makka fa? Nawa tun 2012 yake, kwanan nan gindinsa ya yi baƙi yana ɗan wari.

Likitar Haƙori:
In hular ƙarfen da aka ɗora wa haƙorin ba ta zauna daidai da gindinsa ba, bakinta yana zama maɓoyar dauda, buroshi ba ya shiga. Nama ya kumbura ya ja baya, wani lokaci haƙorin na ciki ya ruɓe ba a sani ba. Ka je a duba, in ta kama a cire a gyara na cikin, in kana so a yi maka wata da aka auna da bakinka.

Ɗalibar Jami'a:
Anti Likita ni ba na dirza, ba na taba, amma nawa na ƙasa guda ɗaya ya sauka bayan an cire mini wayar daidaita haƙora. Babata ma nata haka yake.

Likitar Haƙori:
Ƙanwata, wasu haka Allah ya yi su da siririn dasashi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon wushirya. In haƙori ya fita daga layi ko waya ta tura shi waje, naman da ke kansa ya ƙara sirancewa. Wani kuma zaren naman da ya haɗa leɓe da dasashi ne ke jan wajen. Masu cizon haƙora cikin barci su ma abin yakan fi tsananta musu. Ki koma wajen wanda ya sa miki wayar ya auna, a riƙa bibiya.

Maman Ilham:
Likita na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu ba ki amsa mini ta biyun ba, kuma ita ce ke hana ni barci. Yana dawowa?

Likitar Haƙori:
Ba ya dawowa da kansa, ba zan yi miki ƙarya ba. Babu makilin, babu saiwa, babu maganin kurkure da ke tsirar da shi, duk wanda ya ce zai sayar miki da irin wannan kuɗinki yake so. Amma ana tsayar da shi inda yake, kuma mutane da yawa suna tsufa da haƙoransu a haka ba tare da wata matsala ba.

Daga yau ki ajiye gawayi da gishiri. Ki sayi buroshi mai laushi, ki riƙe shi da yatsu uku kamar biro, kada ki dunƙule hannu a kai. Sau biyu ya isa, minti biyu, na dare kafin kwanciya shi ne ba a wasa da shi. Ki nemi man goge baki na masu tsamin haƙori wanda ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, in kin gama ki tofar kawai kada ki kurkure, kina iya shafa kaɗan da yatsa a gindin fiƙar ki kwana da shi. Yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi. In kin sha zoɓo ko kunun tsamiya ko lemon tsami, kada ki bi da buroshi nan take. Sannan ki je a auna. Muna da ɗan ƙarfe mai zanen milimita da muke zurawa tsakanin nama da haƙori, lafiyayye ba ya wuce 3, daga 4 zuwa sama aljihu, wato rami tsakanin nama da saiwa, ya fara samuwa. Kwarmin ana cike shi da abu mai launin haƙori. In janyewar tana ci gaba ko ta yi muni, akwai tiyatar da ake ɗebo ɗan nama daga ganɗa a dasa a wajen, ƙwararrun dasashi ke yi, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika za ki tambaya. Ba kowa ke buƙatarta ba.

Hajiya Babba:
Likita tunda ana maganar, jikana ɗan shekara 3 a ƙauye an ce dasashinsa yana jini yana wari tun da ya tashi daga ƙyanda, ba ya son cin abinci. Shi ma bagaruwar na ce a ba shi.

Nas Ummi:
Hajiya don Allah a kai shi asibiti gobe da safe, kada a jira kasuwa ta ci. Yaro ƙarami da ya rame bayan ƙyanda, baki na wari dasashi na jini, muna tsoron cutar noma. Daga dasashi take farawa, cikin kwanaki kaɗan ta huda kunci. In an kama ta a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka ware domin yaran da ta ci wa fuska. Ba na so jikanki ya kai can.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Yanzu zan kira uban. Allah ya yi miki albarka.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na je an duba ni. Fiƙar ta sauka milimita 3, na kusa da ita 2 da 1, babu aljihu, ƙashi lafiya. An cike kwarmin, ko allura ba a yi mini ba. Abin mamaki, duk dirzar da nake yi sai da aka samu ƙanzo a bayan haƙorana na ƙasa, wajen da ban taɓa kai buroshi ba, an wanke shi. An ce in dawo bayan wata shida a sake aunawa. Jiya na sha ruwan randa, na ji shi amma ba kamar da ba.

Abin da ya sa ni hawaye, da na dawo gida na duba kofin buroshin yara. Na Ilham ya baje kamar nawa. Ni na koya mata, ni ke tsayawa a kanta ina cewa ta ƙara ƙarfi. Shekararta 9. Na ɗaga leɓenta ban ga komai ba tukuna, alhamdu lillahi. Hajiya yaya jikin jikanki? Malam direba ka je kuwa?

Hajiya Babba:
An kai shi, an ba shi gado kwana uku, yanzu yana shan kunu. Kuncin bai taɓu ba.

Direba Ɗan Maraɗi:
Ta leɓen kwana takwas rabona da ita. An duba farin wajen an ce in dawo bayan sati biyu a ga ko ya washe. Hoton sai ranar Litinin.

Maman Ilham:
Allah ya sa a ji alheri. Likita, na ƙaramin mai shekara huɗu fa, makilin nawa zan sa masa? Yana haɗiyewa.

Likitar Haƙori:
Kamar ƙwayar wake, kada ya wuce haka, ki koya masa tofarwa. Ke za ki riƙa goge masa da hannunki har ya kai shekara 7 ko 8. Ki tsaya ta bayansa ya jingina kansa a jikinki, kin fi ganin turamen ciki a haka.